Igiya biyu gare ni, ina son zama hafsa: ta ina zan ɓullo wa oga?

Assalamu alaikum manyana da 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Shekarata 8 da fitowa daga Depot na Zariya, inda ake horar da kuratan soja, yanzu ni kofur ne. Da HND ta lantarki na shiga soja, amma har yau daga gadi sai sintiri. Ina son neman DSSC, wato shirin da ake ɗaukar masu digiri ko HND a ba su muƙamin hafsa kai tsaye, kuma kun san wanda ke cikin kaki sai kwamandansa ya sa masa hannu. Sau biyu ina tarar OC ɗinmu, wato hafsan da ke jagorantar rukuninmu da ake kira kamfani. Na ƙarshen a bakin get ne, ya sauke gilashin mota rabi, ya ce "za mu duba," direba ya ja. Wata biyar ke nan shiru, ga shekaru na tafiya, abin kuma yana da iyakar shekaru. Kawuna ya ce ya san wani kanar a Abuja da zai buga waya ɗaya a gama. In bar shi ya buga?

Tsohon Samanja: Wa alaikumus salam. Yaro, kai ka ɓata rawarka da tsalle. Bakin get wurin sara wa oga ne, ba wurin maganar rayuwarka ba. Ina samanjan kamfaninku? Shi za ka fara samu, ka ce kana neman ganin OC a ofis, a sa maka rana. Ka je kakinka a goge, takalmi na ƙyalli, fayil a hannu: kwafin HND, takardun kwas, takardar neman izini a rubuce. Abin da aka rubuta yana shiga fayil, na baki kuwa iska ke ɗauka. Na yi shekara 35 a aikin nan, samanjan da ka tsallake shi ne wanda OC zai fara tambaya, "Yaya yaron nan yake?"

Kyaftin mai ritaya: Baba Samanja ya gama magana. Abin da zan ƙara, kada ka shiga da buƙata ɗaya tak. Gurbin DSSC kaɗan ne, masu nema tuli. Ka tambaye shi kai tsaye me ya gani a rahotonka na shekara da ya kamata ka gyara, domin shi ake buɗewa lokacin ƙarin girma. Sannan ka nemi ya sa sunanka idan kwas ya fito. Mai lantarki yana da wurin zuwa, akwai makarantar injiniyoyin soja a Makurɗi, akwai ta sigina a Apapa. Kuma ka nuna masa ribar da shi zai ci. Lokacin da nake OC, wanda ya tayar mana da janareton da ya kwana biyu a mace ban taɓa manta sunansa ba.

Saje daga arewa maso gabas: Ni fa ban ga laifin wayar kanar ba. Mu daina yaudarar juna, wasu da hanya suka wuce mu muna kallo.

Wani ɗan uwa: Saje, ni na gwada. Wayar ta zo, oga ya kira ni ya ce, "Ashe kana da manya?" Ya sa hannun, ban ci jarrabawar tantancewa ba, na dawo hannunsa. Shekara biyu duk kwas ɗin da ya fito sunana ba ya ciki, kanar ɗin kuma ya yi ritaya.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na ce wa kawu ya dakata tukuna. Ɗazu bayan fareti na samu samanja, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce in fara aske sumar nan, in dawo ranar Talata da fayil ɗina.