Shawarwarin Masu Buga Donkey Kong Country Returns

Waɗanda suka tattauna kan wannan wasan bidiyo, wanda kamfanin Retro Studios ya ƙirƙira aka fitar a 2010 domin farfaɗo da jerin da kamfanin Rare ya fara a 1994, sun fi nanata batun Diddy Kong, ƙaramin birin da ke taimaka wa Donkey Kong. Sun ce kada a kuskura a wuce gangar da yake ciki ba a fasa ba, domin yana ƙara zukata biyu (ma'aunin bugun da ɗan wasa zai iya jurewa), kuma rokar bayansa tana tsawaita tsalle a daidai inda ƙafa ke zamewa, abin da ni ma na gamsu da shi matuƙa. A matakan keken ma'adinai kuwa, sun ce a haddace hanya tukuna, a bar neman haruffan KONG da ake tarawa a kowane mataki sai hannu ya faɗa.