Me za mu kira telefoto da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malaman harshe da 'yan uwa masu sana'ar hoto. Ina rubuta ɗan darasi da Hausa don matasan da ke son fara ɗaukar hoton namun daji, sai na cije a babi na biyu, inda ake maganar zaɓen idon kyamara. Kalmar da ta tsayar da ni ita ce telefoto, wato idon nan da ke sa ka ga giwa ta cika hoto alhali kana nesa da ita. Abin da ya sa na damu shi ne, zuwana Yankari na farko da ido mai milimita 55 na je (wannan lamba ce da ake rubutawa a jikin ido, gwargwadon yawanta gwargwadon girman da abu mai nisa zai yi a hoto). Muka yi sa'a muka ci karo da gwanki a bakin kogin Gaji, na yi ta ɗauka, da na dawo gida na buɗe hotunan sai na tarar itatuwa ne suka cika su, gwankin bai fi ƙwayar gero ba. Ba na son yaran nan su yi irin asarar. To amma ta yaya zan koya musu abin da ba shi da suna a bakinmu? Sunaye huɗu nake juyawa: madubin hangen nesa, dogon ido, mazuƙi, da jawo-nesa. Zuciyata ta fi karkata ga na ƙarshen, amma ina son a yi masa tankaɗe da rairaya.

Mai ɗaukar hoton biki daga Kano: Wa alaikumus salam. Malam, me zai hana a bar shi a mazuƙi? Mu a wurin aiki kullum cewa muke "zuƙo amarya", "zuƙo fuskarsa", kowa kuma ya gane. Kalmar tana nan a bakin mutane, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Mai tambaya: Gaskiya ne ana faɗa, kuma ba zan yar da ita ba. Sai dai abu biyu ne ake haɗawa. Zuƙowa aikin zum ne, wato idon da kake murɗawa ya tashi daga wannan lamba zuwa waccan. Akwai zum mai milimita 16 zuwa 35 wanda ko kaɗan ba ya kawo nesa kusa, faɗaɗa fili yake yi. Akwai kuma telefoto mai milimita 600 wanda ba ya murɗuwa, a lamba ɗaya yake tsaye. Idan muka kira su duka mazuƙi, yaro zai shiga shago ya sayi mai 18 zuwa 55 da ke zuwa tare da kyamara, ya ɗauka ya gama shirin daji. Mu bar wa zum sunan mazuƙi, ya dace da shi sosai. Wanda ba ya murɗuwa kuma mu ce kafaffe.

Malamar Hausa: Sannunku da ƙoƙari. Ku cire madubin hangen nesa daga lissafi tun da wuri. An riga an ba na'urar duban wata da taurari wannan suna, har da tabarau mai ido biyu da sojoji da masu kallon tsuntsaye ke ratayawa. Ɗora masa kaya na uku zai kawo ruɗani. Ni dogon ido ya fi kwanta min, gajere ne, kuma yaro na jin sa zai hango abin.

Tsohon mai gyaran kyamara: Hajiya, a gafarce ni, dogon ido yana da matsalar da sai wanda ya taɓa kwance abin zai gani. A asalin ma'anarsa, telefoto ido ne da aka yi wa dabara don jikinsa ya fi lambar da ke rubuce a kansa gajarta. Gilasan gaba suna tattara haske, na baya kuma su ɗan baza shi, sai a sami ido mai milimita 400 wanda tsawon jikinsa bai kai milimita 400 ba. Wani maƙerin gilashi a Landan mai suna Thomas Dallmeyer ya fito da wannan tsari a 1891, a daidai lokacin da Adolf Miethe yake irin aikin a Jamus. Kin ga ke nan an ƙirƙiro shi ne don a rage tsawo, kiran sa dogo ya zama an juya tarihin. Ga kuma wayoyin yanzu, suna da telefoto a bayansu wanda bai kai farcen yatsa ba. Wa zai kalli wannan ya ce dogo?

Malamar Hausa: Na karɓa, Baba. Ban san da wannan ba, Allah ya ƙara sani. Akwai ma wani abu da na tuno yanzu, "dogon" a gaban sassan jiki yakan ja hankali zuwa ga hali, kamar yadda ake ce wa ɓarawo mai dogon hannu. To mu duba jawo-nesa. Ginin kalmar Hausa ne tsantsa, aikatau a gaba, abin da ya faɗa wa a baya, irin su hana-salla, dafa-duka, ci-rani da ja-gora. Kada dai wani ya gajarta shi zuwa ja-nesa, domin idan aka ce mutum ya ja nesa, ya matsa can ne. Wasalin "o" na jawo shi ke nuna abu yana tahowa wurin mai magana, kamar na kawo da ɗauko da taho-mu-gama. Kuma kunnen Bahaushe ya saba da "nesa ta zo kusa", don haka sunan yana da wurin zama.

Ɗan uwa daga Maraɗi: Mu nan Nijar masu hoto da Faransanci suke kiran sa, teleyobjektif, wanda ya fi na Ingilishi nauyi a harshe. "Tele" ɗin da ke cikinsu duka daga Girkanci yake, ma'anarsa nesa, shi ne na talabijin da tarho. Jawo-nesa ya riƙe nesan, ya ƙara aikin da abin ke yi. Ina goyon baya. Amma malam, ka sa a darasin cewa ba kowace dabba ke buƙatar babba ba. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, a cikin gonakin mutane suke yawo, sun saba da ganin manoma. Mai 70 zuwa 200 ko zuwa 300 ya isa. Wanda ya je musu da 600 sai ya yi ta ja da baya don wuya da ƙafafu su shiga hoto.

Mai hoton tsuntsaye daga Nguru: Ni ina da ja a kan sunan, kuma ba na nahawu ba ne. Idon nan ba ya jawo komai. Ƙuntata abin da kyamara ke gani yake yi, ya yanko ɗan yanki ya cika hoton da shi. Mai milimita 50 yana ganin kusan digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai 400 kusan digiri 6, mai 600 kusan 4. Nisan yana nan yadda yake, duk ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsu ma tana nan. A dausayin Haɗejiya da Nguru tsuntsayen Turai suna sauka ne a lokacin hunturu, daidai sa'ad da hazo ke rufe gari. Na sha ɗora 600 a kan kirinjijiya da ɗinya daga nesa, hoto ya fito fari fat kamar an shafa masa toka. Da rana tsaka kuma zafin ƙasa yana sa iska rawa, hoton ya narke ko da idon na miliyoyi ne. Tsorona shi ne sunan ya sa yaro ya zata zai zauna a inuwa ya jawo gauraka daga rabin kilomita. Aikin yana ga sammako, da sanin inda tsuntsu ke sauka, da haƙurin laɓewa har ya matso da kansa.

Mai tambaya: Yaya, wannan magana taka sai na ba ta shafi guda a darasin, domin ita ce abin da masu sayar da kaya ba sa faɗa. Amma ban ga ta rushe sunan ba. Suna yana bin abin da ido ya gani ne. Muna cewa rana ta faɗi, mun kuwa san ba faɗuwa take ba. Wanda ya leƙa ta mai milimita 400 zai ga ɓauna ta ninka girmanta sau takwas a kan yadda mai 50 ke nuna ta, abin da zai fito daga bakinsa shi ne "ya jawo ta kusa". Na gwada sunan a kan ƙanena da bai taɓa riƙe kyamara ba, na ce miƙo min jawo-nesan, ya tsallake ƙananan ya ɗauko babban. Da na ce masa "maƙuntacin gani", wanda shi ya fi kusa da bayaninka, tsayawa ya yi yana kallona.

Mai hoton tsuntsaye daga Nguru: To shi ke nan, na sauko, da sharaɗin shafin nan ya shiga. Tunda darasin na zaɓe ne, ga abin da nake gaya wa masu tambayata. Don tsuntsu kada a yi ƙasa da 400. Mazuƙan jawo-nesa irin su Sigma ko Tamron mai 150 zuwa 600, Nikon mai 200 zuwa 500, da Sony mai 200 zuwa 600 su ne daidai mai farawa, nauyinsu wajen kilo biyu ne. Kafaffe mai 600 da ƙofar haske f/4 ya fi su kaifi da shan haske, amma gilashin gabansa kaɗai faɗinsa ya kai santimita 15, tunda 600 aka raba huɗu, kuɗinsa kuma ya haura dala dubu goma. Wanda kyamararsa mai ƙaramin faranti ce, wato allon cikinta da haske ke sauka a kai ya zama hoto, ya ci riba: a Nikon da Sony ana ninka lambar da 1.5, a Canon da 1.6, sai 400 ya yi ganin 600 ko 640. Ka ga har na fara amfani da sunan ban sani ba.

Tsohon mai gyaran kyamara: Ƙara musu da cewa mazuƙin da ke miƙewa yana komawa iska yake shaƙa, da ƙurarta. A hunturu kada a canza ido a fili, a shiga mota a rufe gilashi. Kuma jawo-nesa yadda yake girmama dabba haka yake girmama rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza ɗaya bisa lambar idon, mai 500 ke nan 1/500 na daƙiƙa. Tsuntsu a sama yana son 1/2000.

Malamar Hausa: Saura jinsi da jam'i, kada a tashi ba a yanke ba. Malam ya rubuta "jawo-nesan", amma tunda nesa mace ce, wasu za su ce "jawo-nesar". Irin waɗannan kalmomi sukan bi jinsin abin da suke nufi, hana-salla mace ce saboda hula ce. Tunda mun tsaya a kan ido, namiji ne: jawo-nesan Canon, wannan jawo-nesan ya yi nauyi. Jam'i kuma kada a wahalar da kalmar, a ce idanun jawo-nesa. Ina kuma roƙon a guji "ruwan tabarau" da ake gani a wasu fassarori, na gilashin fuska ne, bai dace da abu mai kilo biyu ba.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, haka zan rubuta, da karan ɗori a tsakiya. Akwai ɗan ƙaramin gilashin da ake sawa tsakanin kyamara da ido, mai ninka lambar sau 1.4 ko sau 2. Na farkon yana cinye rabin hasken da ke shiga, na biyun kashi uku cikin huɗu. Na rubuta masa "ƙarin jawo" da fensir tukuna. Baba, kai da ka saba kwance su, me kuke ce masa a shago?