Neman shawara: wace taya zan sa wa jif ɗina kafin dusar ƙanƙara ta sauka?

Sabon Zuwa, Calgary:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Wannan ne hunturuna na farko da mota a Kanada. Bara bas da jirgin cikin gari nake hawa, ban san wata wahalar taya ba. Bana iyali suka iso, uwargida da yara biyu, ga cefane ga kai yara makaranta, dole na nemi mota. Wani ɗan'uwa da muke sallar Juma'a tare zai koma Toronto, sai ya sayar mini da Toyota Highlander ɗinsa ta 2016. Ya yi mini sauƙi ƙwarai, na biya rabi, sauran ina tura masa wata-wata. Allah ya saka masa da alheri, har kujerar yaro ya bar mini a ciki. Motar lafiyarta ƙalau, tana ja da ƙafa huɗu, sai gilashin gaba da ya ɗan tsage, wannan kuma an ce mini tsakuwar da ake zubawa a titi ce, kusan kowa a garin nan haka nasa yake.

Tayoyin da ke jikinta an rubuta musu M+S, wato na taɓo da dusa. Mai motar ya ce da su ya yi ta yawonsa, ba abin da ya same shi. A wurin aiki kuma wata abokiyar aikina ta leƙa ta ce waɗannan ba na hunturu ba ne, in canza kafin Oktoba ta ƙare. Na je shagon taya suka ba ni zaɓi biyu. Ko in sayi tayar hunturu zalla guda huɗu da rim ɗinsu, in riƙa canzawa sau biyu a shekara, ko in sayi wadda suke kira ol-weda, mai tambarin dutse da dusar ƙanƙara, a sa ta sau ɗaya ta yi rani ta yi hunturu. Ta farkon ta fi tsada nesa ba kusa ba in an haɗa da rim da na'urar auna iska. A hawa na uku muke haya, ba gareji ba sito, ina zan jibge taya huɗu? Ga kuɗin haya, ga bashin motar, ga Inna a gida da nake tura wa kuɗin magani. In na tuna yarana za su shiga motar nan sai gabana ya faɗi. Ni dai raina ya fi kwanta wa ol-weda. Don Allah ku ba ni shawara.

Injiniya, Winnipeg:
Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu labarin motar amma ba ka faɗi abin da ake bukata ba. Cikin gari kawai kake tuƙi ko kana hawa babbar hanya? Da rana ko da dare? Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, turo mana lambar girman tayar. Sannan duba gefen tayar, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta.

Alhaji Mai Tirela, Edmonton:
Yaro, ba sai an tambaye ka komai ba. Kana Calgary a jihar Alberta, magana ta ƙare. Tayar hunturu zalla, guda huɗu, in da hali ma mai ƙusa, tunda nan jihar ba a hana ba. Ni a kan hanya nake cin abincina. Duk ranar da dusa ta farko ta sauka, daga Edmonton zuwa Calgary abin da nake gani a ramin gefen titi jif ne da a-kori-kura, ba ƙananan motoci ba. Dalili, mai jif yana ji motarsa ta tashi ba gardama, sai ya ɗauka za ta tsaya ba gardama. Ja da ƙafa huɗu na tashi ne, a wajen birki kai da mai ƙaramar mota ɗaya kuke, kai ma ka fi shi nauyi. Waccan M+S ɗin da ke jikinka, da sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 robarta ta fara tauri, in ya kai 30 ƙasa da sifili ta koma kamar busasshiyar ganda. A Janairun 2024 nan wajenmu ya wuce 40 ƙasa da sifili. Ka nemi Bridgestone Blizzak ko Michelin X-Ice ko Nokian Hakkapeliitta. Masu Nokian ɗin nan, mutanen Finland, tun 1934 suke yin tayar hunturu. Araha ba ta ado.

Maman 'Yan Biyu, Mississauga:
Ƙanina, ni ol-weda nake sa wa tawa jif ɗin kuma alhamdulillahi. Abin da ya kore ni daga canje-canjen nan shi ne wani shago da nake biya su ajiye mini tayoyi. Lokacin canji ya zo, na kira suka ce sai bayan mako uku akwai wuri, dusa ta sauka ina yawo da ta rani. Da na je kuma aka fito mini da rim ɗaya a kankare, suka rantse haka na kawo shi. Mace ce ni kaɗai da yara, wa zan yi rigima da shi? Sai kuma inshora. Nan Ontario tun 2016 doka ta ce kamfanoni su rage wa mai tayar hunturu kuɗi, amma nawa kamfanin suka ce ba su lissafa ol-weda a ciki, alhali tambarin yana jiki ɓaro-ɓaro. Na yi ta waya har na gaji. Kuɗin ba yawa ba ne, rainin ne ya fi ci mini rai.

Alhaji Mai Tirela, Edmonton:
Hajiya, da girmanki, sanyin Toronto daban na Alberta daban. Ku gishiri ake zuba muku titi ya narke. Nan in sanyi ya yi tsanani gishirin ma ba ya aiki, yashi da tsakuwa ake watsawa.

Sabon Zuwa, Calgary:
Na gode ƙwarai. Injiniya, an rubuta 245/60R18, lambobin kuma 2318. Tuƙina yawanci cikin gari ne. Sai dai wasu ranaku a mako ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a Red Deer, in dawo da asuba. Amma hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma ni ba mai gudu ba ne. Alhaji, ai ita ma ol-weda ɗin tambarin nan ɗaya ne da na tayar hunturu, mai shagon ya nuna mini da yatsansa. In gwamnati ta yarda da ita me ya rage?

Injiniya, Winnipeg:
To ka ga inda maganar take. Red Deer kusan kilomita 150 ce daga Calgary, a babbar hanya mai lamba 2, da asuba, bayan ka kwana ba barci. Wannan ba tuƙin cikin gari ba ne. Kuma tayoyinka na 2018 ne, sun tsufa, ko ba hunturu lokacin sauke su ya yi.

Game da tambarin, mai shago bai yi maka ƙarya ba, amma ka san me ake gwadawa. M+S tsarin zanen taya kawai yake nufi, ba a gwada ta a kan dusa. Tambarin dutse mai kai uku da dusa a tsakiya kuwa, wanda masu ƙera taya na Amurka da Kanada suka fito da shi a 1999, sai taya ta ci jarrabawa: ta fi tayar da ake auna su da ita riƙe ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari wajen tashi a kan dusar da aka danne. Tashi fa, kuma a kan dusa. Wannan jarrabawar ba ta auna birki a kan ƙanƙara mai santsi. Shi ya sa taya biyu za su ɗauki tambari ɗaya, ɗaya ta tsallake da ƙyar, ɗaya ta wuce da nisa. Ol-weda irin su Michelin CrossClimate 2, Toyo Celsius, Bridgestone WeatherPeak ko Nokian WR sun fi abin da ke jikinka sosai, kuma ga wanda ke cikin Calgary kawai zan ce ya saya hankali kwance. Amma a kan ƙanƙara tayar hunturu zalla ta fi su, don robarta ta fi laushi kuma 'yan tsage-tsagen jikinta sun fi yawa. Garinku kuma ga iskar Chinook, ta zo da ɗumi dusa ta narke da rana, da dare ruwan ya daskare ya kwanta a kwalta ba ka ganinsa. Lokacin da kake dawowa ke nan.

Ɗan Maraɗi, Montreal:
Mu nan Quebec ba a ma shawara. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ne, in an kama ka tarar dala 200 zuwa 300. Kuma ol-weda mai tambarin ta wadatar a wurin doka, ni ita gare ni. Abin da ke damuna a nan ba taya ba ne, motar janwe ce. Dare ɗaya ka manta da allon sanarwar kwashe dusa, da safe ka fito ba motarka, sun ja ta sun kai wani layi, ga takardar tara a gilashi. Makwabcina ya ga ana ja bai ko ƙwanƙwasa mini ba.

Mai A-kori-kura, Fort McMurray:
Ni a-kori-kura F-150 gare ni, kuma akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata. Tayoyin daji masu manyan haƙora, irin BFGoodrich KO2 ko Falken Wildpeak, da yawansu suna da tambarin dutsen. A dusa mai zurfi da taɓo ba kamarsu. Sai dai a duba kowane girma da kansa, ba duka ke ɗauke da tambarin ba. Kuma mai ɗaukar kaya ko jan tirela ya lura da lambar nauyi, kada ta gaza wadda ke jikin ƙofa. In motarka da taya mai alamar LT ta zo, wato ta ƙananan motocin kaya, LT za ka mayar.

Alhaji Mai Tirela, Edmonton:
Kada ka ruɗa yaron nan. Highlander gare shi, ba siminti yake ɗauka ba. Manyan haƙora na taɓo ne, a kan ƙanƙara ba sa cizo. Na faɗa na ƙara, ta hunturu zalla.

Sabon Zuwa, Calgary:
Alhaji, ina jin maganarka, amma ku kun daɗe a ƙasar nan, kuna da gida da gareji. Ni kowace dala da wurinta. Kuma ai mai motar shekara nawa ya yi da tsofaffin nan lafiya. Abin da nake tunani yanzu, ko in sa ta hunturu guda biyu a gaba kawai, na baya su zauna zuwa baɗi? Don a Disamba ma muna so mu je Vancouver sunan ɗan yayata, akwai kuɗin mai da masauki.

Injiniya, Winnipeg:
A'a Malam, wannan kam kada ka yi. In gaba ya riƙe baya bai riƙe ba, a kwana ko birki bayan motar ne zai juyo ya wuce ka. Motarka ma mai ja da ƙafa huɗu ce, ana son tayoyinta su zama iri ɗaya kuma cinsu ya yi kusa da juna. Ol-weda huɗu sun fi ta hunturu biyu, wannan ba jayayya. Kuma in ka yi lissafi na shekaru, mai saiti biyu ba ninki yake kashewa ba, don yayin da ɗaya ke aiki ɗaya yana hutawa. Mu nan Manitoba hukumar inshorar gwamnati tana ba da rancen sayen tayar hunturu, kai ma tambayi shagon ko suna karɓar biya kaɗan-kaɗan, da nawa suke ajiya.

Alhaji Mai Tirela, Edmonton:
Innalillahi. Vancouver a Disamba, da mace da yara? Kusan kilomita dubu, ta Rogers Pass, sama da mita 1,300 a kan dutse? Daga 1 ga Oktoba British Columbia, jihar da Vancouver take, ba ta yarda ka hau hanyoyin nan sai da M+S ko mai tambari, kuma zanen kada ya gaza milimita 3.5. Wannan mafi ƙarancin doka ke nan, dutsen bai san doka ba. Mu masu tirela sarƙa muke ɗauka. Ka hau jirgi ko ka aika da barka.

Hajiya Babba, Ottawa:
Alhaji a sassauta masa mana, shawara ya zo nema. Ni wanda ya sayar masa da motar nake jin haushi. Ka san ɗan'uwanka baƙo ne, ka miƙa masa mota da tsofaffin tayoyi ka ce lafiya lau. Haka aka yi wa ɗana, wani namu ya sayar masa da mota batir ya mutu, ranar sanyi ta farko ta ƙi tashi a bakin makaranta, jikokina suna ciki suna rawar ɗari. Mun yi shiru don zumunci. Sai yaushe za mu riƙa gaya wa juna gaskiya a ciniki?

Sabon Zuwa, Calgary:
Hajiya don Allah kada a zarge shi, mutumin kirki ne, ya taimake ni lokacin da ba wanda ya kula ni. Maganar jirgi kuma mu huɗu ne, a lokacin hutu, kuɗin ya fi na tayoyin. Kuma tun Asabar na ba shagon kafin alƙalami a kan ol-weda guda huɗu, sun ce in ban riƙe ba za su ƙare. Jibi za a sa. Na ɗauka za ku ce hakan ya yi. Zan riƙa tafiya a hankali in sha Allah, in hanya ta ɓaci in kwana a Red Deer.

Maman 'Yan Biyu, Mississauga:
Ya yi mana ƙanina, Allah ya sa albarka. Ka dai riƙa duba iska, sanyi yana rage ta.

Alhaji Mai Tirela, Edmonton:
Ka riga ka biya kuma kake tambayarmu? Koma ka ce su juya kuɗin zuwa ta hunturu, shago ɗaya ne, ba za su ƙi ba. Wurin ajiya kuma ga garejina, ka kawo su Edmonton in ajiye maka kyauta.

Injiniya, Winnipeg:
Wace iri ka biya wa? Turo sunanta da lambar nauyin da ke bayan R18 ɗin mu gani kafin jibi.

Sabon Zuwa, Calgary:
Rasit ɗin yana mota, yanzu kuma zan shiga aiki. Alhaji na gode, amma Edmonton kilomita 300 ce, zuwa da dawowa sau biyu a shekara man ya cinye kuɗin ajiyar. Bari mu yi magana da uwargida tukuna.

Mai A-kori-kura, Fort McMurray:
Tunda ana maganar, akwai mai rim na ƙarfe inci 17 na hannu da zai shiga F-150? Wanda na yi ciniki da shi makon jiya ya karɓi kuɗin wani ya bar ni.