Warin bakin kare da dattin haƙora

Mai Gadi, Yamai: Jama'a, karen gadi ɗan shekara 3 bakinsa na wari, gindin haƙoran ya yi ruwan ƙasa. Me ya kamata a yi?

Baban Karnuka: Malam, ɗaga leɓensa ka duba. Dattin abinci ne ke taurara cikin ƴan kwanaki ya zama kamar dutse, daga nan dasashi ya kumbura, ya riƙa jini. In ya riga ya taurara, gogewa ba ta cire shi. Sai likitan dabbobi ya yi masa allurar barci ya kankare.

Hajiya Tawa: Bayan kankarewar, sa safar hannu, naɗe yatsa da tsumma mai tsabta, jiƙa shi da ruwa, goga bayan haƙoran ta gefen kumatu, musamman turamen sama. Minti 1 ya isa, kullum in da hali, ko sau 3 a mako. Fara da haƙora biyu-uku har ya saba. Kada ka kuskura ka sa masa man goge baki na mutane: kare ba ya tofarwa, haɗiyewa yake, kuma wasu na da sinadarin zailitol, guba ne gare shi.

Baban Karnuka: Gaskiya ne, Hajiya. A kuma daina jefa masa dafaffen ƙashi. Tsagewa yake, ƙashin shanu kuwa yana fasa turmin haƙori.