Raka mace awo: aikin miji ne ko na mata?

Baban Ummi: Ni dai ra'ayina, raka mace awo ba aikin namiji ba ne. Ka ba ta kuɗin adaidaita da na kati, ka tafi nemanka. Layin nan mata ne zalla, me zan tsinta a tsakiyarsu?

Maman Sadik: Kuɗin mota kawai? Ranar da aka ce jininta ya hau, ƙafa ta kumbura, a kwantar da ita yanzu, me za ta ce? "Bari in tambayi maigida." Kafin a samo ka a kasuwa jijjiga ta kama ta.

Anti Nas: Ba wanda ya ce ka zauna a benci cikin mata, Malam. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo sau 8 maimakon 4, na farko cikin sati 12 na farkon ciki. Ka zo wannan na farkon. Ranar ake duba rukunin jini da ƙanjamau da ciwon hanta, kuma wani sakamakon sai an gwada mijin ma. Mu yi ta bayanin alamomin haɗari, zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, alhali mai yanke hukuncin a taho asibiti da tsakar dare bai ji ko ɗaya ba.

Hajiya Kaka: Ku yaran zamani! Cikin fari har miji ya riƙo jaka a bainar jama'a? Ina kunya? Uwar miji ko ƙanwarsa ta raka ta, ai ya wadatar.

Anti Nas: Hajiya, ki yi haƙuri, kunyar nan ce ke kawo mana su da cikin wata shida, ido fari fat, ba su sha maganin ƙarin jini ba, ba su sha Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ba. Rakiyarki alheri ce, in za ki tura ta da wuri.

Baban Ummi: Duk na ji. Amma mai aikin yini fa? A fita da asuba, a dawo bayan azahar. Ranar da me za a ɗora tukunya?

Maman Sadik: Ranar suna kuwa yini guda kuke yi a ƙofar gida kuna karɓar barka.

Baban Ummi: Suna daban, Hajiya.

Anti Nas: To ka zo da sassafe, a gwada ka, ka ajiye mata leda ɗaya ta jini, ka bar mana lambarka, ka wuce kasuwa. Wayar dai kar a kashe.