Zaɓen Hanyar Kwalekwale a Dajin Boundary Waters

Waɗanda suka saba shiga dajin Boundary Waters na jihar Minnesota a Amurka sun haɗu a kan cewa, kafin a yi zancen kifi, a fara duba nisan tudun da za a saɓa kwalekwale a kafaɗa tsakanin tafki da tafki, domin nan ƙarfin matafiya yake ƙarewa. Idan akwai sababbin shiga, a guji manyan tafkuna saboda iska. Wanda kamun kifi ya kai shi, gara ya kafa tanti wuri ɗaya ya riƙa zagaya ruwan da ke kusa, kuma ni ma na gamsu da hakan. Daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba adadin izinin kwana a dajin da ake bayarwa ƙayyadadde ne, kuma ayari ba ya wuce mutum 9.