Na bar ƙwai wata uku, kolesterol bai sauka ba

Assalamu alaikum. Ina Katsina, shekarata 47. Da na yi gwajin jini a asibiti aka ce kolesterol ɗina, wato wani irin maiƙo da ke cikin jini, ya yi yawa, likita ya ce in rage maiƙo, bai ba ni magani ba.

Da ma kullum da safe ƙwai uku nake ci wajen mai shayi. Da na ji gwaiduwar ƙwai ɗaya tana da kolesterol kusan miligiram 186, sai na bar shi gaba ɗaya, har farin ma ban taɓa ba. Wata uku cur, shayi da burodi kawai. Na sake gwaji, kusan yadda yake a da. Abin da na samu kawai yunwa tun kafin azahar.

Gaskiya tsire da balangu ban daina ba, tuwon dare kuma da man shanu nake ci, miyarmu ta manja ce. Wani ɗan'uwana ma'aikacin jinya ya ce hanta ce ke haɗa mafi yawan kolesterol, kuma kitse ya fi ƙwai tunzura ta.

Don Allah masana, in koma cin ƙwai ɗaya a rana in yanke kitse da man shanu, ko duka zan bari?